Yadda Abarci Ya Sa wa Jirginsa Shofer

Duk wanda ya ce maku babu matuƙin jirgin ruwa a Dakoro, ku ce mashi Uwale mai fura ta ce ƙarya yake. Akwai guda ɗaya, sunansa Abarci, kuma bawana ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, shi ya sa tun muna ƙanana nake ce mashi bawa yana ce mani baiwa, mu zagi juna son ranmu ba mai shiga tsakani. Bana shekarunsa sittin da huɗu. Ya girme ni da biyu, amma hankali kam na riga shi samu, kuma ko a gabansa haka nake faɗi.

Yana saurayi ya tafi cin rani Kwatano, can bakin teku. Tsaransa suka yi shekara ɗaya, biyu, suka dawo da rediyo da keke. Shi sai da ya share shekara tara, ya dawo da akwati guda da labarin da ya ishi kowa. Wai gadi ya samu a inda ake ɗaure ƙananan jiragen ruwa na Turawa, irin waɗanda iska ke turawa. Daga gadi ya koma wanke su, daga wanki aka fara shiga teku da shi yana jan igiya, har wata rana aka miƙa mashi sandar tuƙi. Labarin wannan rana kam mun ji shi ya fi sau dubu. Da ya dawo ya buɗe rumfar gyaran wutar mota da babur kusa da tasha, ya auri Hanatu, Allah ya ba su ƴaƴa biyar. Autarsu Haula ita ta gado hannunsa, tun tana lakwal, ƴar makaranta, take kwance mashi rediyo ta mayar.

To, gefen gari akwai wani kwari da muke ce ma Tabkin Maraya. Da rani busasshe ne, awaki ke kiwo ciki. Amma da zarar damina ta zauna sai ya cika ya tumbatsa, ya raba Dakoro da Tudun Agali, ƙauyen da nake aure. Kana tsaye a bakinmu kana hango gari, amma kafin ka zagayo da ƙafa ka ci awa biyu da rabi, ga kaya a ka. Ruwan kuwa ba ya janyewa sai an gama ɗaure hatsi. Shekara nawa na yi ina wannan zagaye da ƙwaryar fura, ku tambayi gwiwoyina.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, Abarci ya ce zai yi jirgi. Kai, jama'a, an yi dariya! Har a tasha sai direbobi su tsaya su tambaye shi yaushe jirgin Makka zai tashi. Bai kula kowa ba. Ya haɗa katako ya shafe da kwalta, ya cusa bido-bidon roba, wato jarkoki, a ƙarƙashin kujeru don ko ruwa ya shiga kada ya nutse. Ya kafa sandar dogon yaro a tsakiya, ya sa aka ɗinka mashi buhunan shinkafa goma sha ɗaya suka zama zanen da ke kama iska. Allon da ke juya jirgin a baya, tsohon ƙyauren ɗakinsa ne ya yanka. Saura sandar da za a riƙe a juya allon. Ya nemi ice mai ƙarfi mai santsi ya rasa, sai ya faki idon Hanatu ya ɗauke mata taɓarya, wadda uwarta ta sa mata cikin kayan aure. Har yau ba ta yafe ba. Ta rantse ƙafarta ba za ta taka jirgin ɓarawon taɓarya ba, kuma ba ta taɓa takawa ba.

Ranar da aka tura shi ruwa, rabin unguwa ya fito kallo, amma ba wanda ya yarda ya shiga. Abarci ya tsaya shi kaɗai a ciki yana ƴan dube-dube, fuskar nan ta fara faɗuwa. Sai Rhissa ya tattare riga ya shiga. Rhissa abokinsa ne na shekara talatin, Ba'abzine makiyayi, dogo siriri, kullum cikin rawani, kullum takobi a rataye. Mutumin da raƙumi mai hauka bai ba shi tsoro, amma ko ruwan kwatami ya gani sai ya zagaye. Ya zauna ya ƙanƙame kujera da hannu biyu ya rufe ido, ya ce a tafi. Ta biyu da ta shiga ni ce. Ba jarunta ba ce, fura ce za ta yi tsami in na zagaya.

Muka haye cikin minti ashirin. Tun daga ranar, duk damina Abarci ya rufe rumfa da hantsi ya sauko tabki. Mata masu nono, masu kaji, masu zuwa awo, tsofaffi masu zuwa ganin likita, duk shi ke hayar da mu. Ba ya ɗaukar raƙumi, ba ya ɗaukar mai gardama. Ku gan shi a bayan jirgin nan, hannun dama kan taɓarya, hannun hagu riƙe da igiyar zane, yana saki yana ja gwargwadon iska, baki kuwa bai huta ba yana zagina. Duk rayuwata ban ga mutumin da aiki ya yi wa kyau haka ba.

Bara da bazara, yana cikin ɗaura batir a wata mota, ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini, in ji likita. Ɓarin dama ya shanye. Da taimakon Allah da wahalar Hanatu, baki ya dawo, ƙafa ta dawo tana ja, amma hannun dama ya ƙi. Aka rufe rumfa. Ya koma zama gindin bishiya ƙofar gida, hannun nan a cinya kamar na aro. Na je gaishe shi, na ce, “Bawana, ka ga abin da satar taɓarya ke jawowa?” Ya dube ni ya yi ɗan murmushi, bai rama ba. Wallahi ranar na ji tsoro. Na koma gida na kasa cin tuwo.

Da daminar bana ta cika tabki, ya lallaɓa ya shiga jirgin shi kaɗai, taɓarya a hannun hagu, igiya a haƙori. Iska ta bugo, saura ƙiris ya kife. Masu wanki suka jawo shi. Hanatu ta ce shi ke nan, jirgin nan itacen girki zai zama. Kada ku ɗauka muguwa ce. Ita ta yi wata takwas tana mashi wanka tana ba shi abinci a baki. Ta ce mani, “Uwale, na ɗauke shi daga ƙasa sau ɗaya. Ba zan iya tsamo shi daga ruwa ba.” Gaskiya ta faɗa.

Aka ce to wani ya riƙe taɓaryar, shi ya riƙe igiya. An gwada Rhissa. Ita taɓaryar jirgi, in kana son dama hagu kake tura ta, shi kuwa ya saba da akalar raƙumi, inda yake so nan yake ja. Sau uku yana kai su cikin bado. Abarci ma ya ce ba ya so. “In wani ne zai tuƙa ni a jirgina kamar buhun gero, gara a fasa shi.”

Haula, wadda yanzu ke aikin kafa wutar sola a Maraɗi, ita ta zauna ta saurare shi. Ya ba ta labarin wata na'ura da ya gani a jiragen Kwatano, wadda ake ɗaurawa a sandar tuƙi ta riƙe hanya da kanta. Bayan sati biyar sai ga ta ta sauko daga mota da kwali a hammata. Ashe ta sa an nemo mata na'urar, ta hannu, a bakin teku, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya taho da ita.

Muka taru a tsakar gida aka buɗe. Ni dai na raina abin. Wani baƙin akwati ne siriri, tsawonsa bai kai muciya ba, da maɓallai shida a bayansa, da wani sandan azurfa da ke fitowa yana komawa kamar kan kunkuru. Na ce, “Wannan ne zai tuƙa mu? Wannan ko kaza ba zai kora ba.” Abarci ya ce, “Baiwa, rufe mana baki, kina gaban shofer.” Na ji daɗin zagin nan har cikin raina. Sunan kuma ya bi abin, har yau Shofer ake ce mashi, wato direba.

Hanatu ta tsaya bakin madafa ta gindaya sharaɗi. Gobe za ta tafi suna Kornaka, sai ranar kasuwa za ta dawo, kwana huɗu ke nan. Ranar za ta zo bakin tabki da kanta. In abin nan ya kai jirgin Tudun Agali ya dawo da shi miƙe, tana kallo da idonta, ta sakar mashi jirginsa. In ya karkace, gatari. “Malam, ka yarda?” Ya ce ya yarda.

Washegari da safe aka yi aikin ɗaurawa, ni da Rhissa muna ƴan kallo. Haula ta buɗe takardar da ta zo da abin ta ce, “Baba, daga kan allon tuƙi zuwa inda za a kafa ƙusa a taɓarya, santimetir arba'in da shida. Ina metir ɗinka?” Metir ya ɓace tun da aka rufe rumfa. Sai Abarci ya sa hannun hagu ya ɗago na daman, ya shimfiɗa shi bisa taɓaryar, gwiwar hannu daidai kan allo. Ya ce, “Kamu guda ne. Sa alama a bakin dogon yatsa.” Ta sa. Daga baya ta samo metir cikin jakarta ta auna, ko gashi bai rage ba. Ya dubi hannun ya ce, “Ashe bai mutu duka ba.” Ni kuwa na juya baya na shiga korar ƙudan da babu shi.

Ta huda taɓaryar ta kafa ƙusar da bakin sandan Shofer zai kama. Na ce Allah ya so Hanatu ba ta nan. Ta huda gefen jirgin na dama ta kafa wani ɗan kofin tagulla inda gindin akwatin zai zauna. Da aka ɗora sai ya karkace, gefen jirgi ya yi ƙasa da taɓarya. Abarci ya ce ba zai yi aiki a karkace ba, ya sa Rhissa ya danne mashi guntun katako da ƙafa, ya yanka da hannu ɗaya, ya sa a ƙarƙashin kofin har ya daidaita. Aka ja waya ta ƙarƙashin kujeru zuwa goshin jirgi, inda aka aje batir da fanno, farantin nan mai shan rana. Aikin Shofer ɗaya ne. Ka saita hancin jirgi inda kake so, ka danna jan maɓalli, shi kuma ya riƙa tura taɓarya yana jawowa don kada hancin ya kauce.

Sai Haula ta tara mu ta ja mana kunne. Ta ce a cikin akwatin akwai busol, irin allurar nan da matafiya ke duba alƙibla da ita, da ita yake sanin hanya. In ƙarfe ya matso kusa, allurar sai ta bi ƙarfen ta manta da hanya. “Gwaggo, da ke nake. Kada ki aje wuƙarki ko ludayin ƙarfe a bayan jirgin nan.” Na ce ni kaɗai ta gani? Aka yi wa jirgin tas. An fitar da murhun shayi na waya, an fitar da rediyo, da gwangwanin kwalfe ruwa, da tsohon kwaɗon ƙofa da ke ƙarƙashin kujera. Wa ya kwashe su ya kai tudu? Rhissa, da kansa. Ku riƙe wannan.

Akwai sauran matsala guda. Ɓarin Abarci na dama ba ya jin komai, in jirgi ya karkata sai ya tafi luu zai faɗi. Dole wani ya zauna a damansa kafaɗa da kafaɗa ya tokare shi, Shofer kuma yana kwance daidai bayan mai zama wurin. Ranar Haula ta zauna. Aka ɗaga zane, Abarci ya saita hanci ga babbar tsamiyar Tudun Agali, ya danna. Jama'a! Taɓarya ta shiga motsi ita kaɗai, kaɗan dama, kaɗan hagu, jirgi ya miƙe sak har gindin tsamiya. Muka dawo haka nan. Abarci ya zage ni sau bakwai a hanya, na ƙirga. Da la'asar Haula ta hau mota ta koma bakin aikinta, kowa rai fari.

Kashegari Rhissa ya karɓi wurin zamanta. Damina ce, ƴaƴansa sun tafi arewa da bisashe, ba abin da ya tsare shi. Muka tashi lafiya. Ba mu yi nisa ba Shofer ya fara kuka, ziii, ziii, ya tura taɓarya gefe guda, sai ga mu tsamo-tsamo cikin bado. Rana ta biyu ya zagaya da mu ya maido mu daidai inda muka tashi, masu wanki suna tafi suna mana sannu da zuwa, ya mutanen Tudun Agali. Rana ta uku ya juya da ƙarfi, zane ya tsallako ya kwashe mani ƙwarya. Fura ƙwallo arba'in, ta dakan asuba, kifayen Tabkin Maraya suka sha! Na zagi Shofer, na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi direban kamyon da ya kawo shi, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanun tabki ne ba su son baƙo. Ƴan tasha suka ce ai Shofer ɗan birni ne, sai da ƴan mata yake aiki. Mun kira Haula ta salula ya fi sau goma. A duba batir, an duba. A duba waya, an duba. “Gwaggo, kin tabbata babu ƙarfe?” Na ce, “Ke, ko allura babu! Har ɗan kunnena na cire.” Ta ce ba za ta samu tahowa ba sai sati mai zuwa. Gobe kuwa kasuwa.

Da la'asar ɗin nan na tarar da Abarci zaune a bakin ruwa yana shafa gefen jirgin. Ya ce, “Uwale, in an fasa shi gobe, ki cire taɓaryar tukuna ki mayar mata. Hakkinta ne.” Uwale ya ce, ba baiwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in jirgin nan ya tafi, gindin bishiyar nan zai koma, kuma wannan karon ba zai tashi ba.

Ranar kasuwa Hanatu ta sauko da hantsi, gatari a kafaɗa, tabarma a hammata. Ta shimfiɗa ta zauna, ta aje gatarin a cinya. Mutane sun cika bakin tabki, amma ba mai shiga. Mu uku ne dai. Abarci da Rhissa a baya, ni a goshi kusa da batir. Da can gaba nake fuskanta, amma tun da aka zubar mani da fura na ce ba zan ƙara ba Shofer baya ba. Na juyo na zuba mashi ido.

Abarci ya yi bisimilla ya danna. Jirgi ya miƙe. Sai ɗan kaɗawar ruwa ya ɗaga mu, Rhissa ya zabura ya ƙanƙame kujera. Ziii! Taɓarya ta tafi hagu. Ya gyara zama. Ziii! Ta dawo dama. Ya ɗaga hannu zai gyara rawani. Ziii, ziii! Hancin jirgi ya bar tsamiya ya nufi bado, na ji mutanen tudu sun ɗauki “ayya, ayya”. Na hango Hanatu ta miƙe tsaye. Sai idona ya sauka a bayan Rhissa. Duk motsin da ya yi, wani dogon abu mai jan kube na lilo a bayansa, bakinsa na ƙwanƙwasar akwatin Shofer, ƙwas, ƙwas.

Na daka tsawa, “Rhissa! Mi ke cikin kuben nan, rogo?”

Ya dube ni da mamaki. “Takobi ne mana.”

“Da mi aka ƙera shi? Da tuwo?”

Abarci ya kashe Shofer, ya saki igiya, jirgi ya tsaya. Ya dubi takobin, ya dubi Rhissa, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin ciwo, har da hawaye. Kwana uku muna neman ƙarfe, mun cire ɗan kunne, mun cire kwaɗo, ga ƙarfe kamu biyu a rataye a gaban idonmu! Ba wanda ya gan shi. Ta yaya za mu gan shi? Ba mu taɓa ganin Rhissa babu shi ba. A wurinmu kamar hannunsa ne ko ƙafarsa. Haula ma da ta yi karatu, yana tsaye gabanta da shi yana kwashe mata gwangwani, ba ta gani ba.

Muka gwada. Rhissa ya ɗaga takobin sama, Shofer ya yi tsit. Ya sauko da shi, ziii. Na ce, “To an gama. Taso ka dawo nan gaba.”

Ya ce, “In na taso, wa zai tokare shi?”

“To miƙo takobin in riƙe maka.”

“Ke? Ki zubar mani da shi a tabki kamar furarki?”

Da wata rana ce da ya ji abin da ya fi haka, amma na ga fuskarsa ba wasa. Ya shafa igiyar takobin. Ya ce tun ranar da aka naɗa mashi rawani ubansa ya rataya mashi shi, shekara arba'in da ɗoriya. In zai yi salla gabansa yake aje shi, in zai kwanta gefensa. Bai taɓa taka ƙofar gida babu shi ba, ko sau ɗaya. Sannan ya ce, “Abarci, mayar da ni tudu.”

Dariyar Abarci ta ɗauke. Ya ce, “Ba komai, abokina. Na gane.” Ni na tuƙa mu da gora har bakin ruwa, ina cika ina batsewa. A raina na ce shi ke nan, tsohon nan ya zaɓi ƙarfensa.

Rhissa ya sauka, ruwa har ƙauri, ya taka ya nufi tabarmar Hanatu. Mutane suka dare. Ya tsaya gabanta, ya sunkuyar da kai, ya zare igiyar takobin ta saman rawani, ya ɗora shi bisa tafin hannu biyu ya miƙa mata.

“Hanatu, riƙe mani. Kin san ba zan bar shi a hannun kowa ba, dole in dawo in karɓa. In na dawo kuwa, da mijinki zan dawo.”

Ta dube shi ta daɗe. Ba a karɓar irin wannan abu da hannu ɗaya. Sai ta aje gatarin a ƙasa, ta sa hannu biyu ta karɓa.

Ya dawo jirgi yana tafiya a karkace, hannunsa na ta laluben kafaɗa. Ya zauna a daman Abarci ya manna kafaɗarsa da tasa, ya rufe ido kamar ranar farko, ya ce a tafi. Abarci ya saita hanci ga tsamiya, ya danna, ya ja igiya. Iska ta cika buhunan shinkafa. Taɓarya ta shiga ƴan motsinta, kaɗan dama, kaɗan hagu, muka miƙe sak. A tsakiyar tabki ya naɗe igiyar a turke, ya ɗaga hannunsa guda ɗaya mai rai sama, ya riƙa kaɗa wa tudu. Can nesa na ga jan kube ya ɗago sama, sau ɗaya, ya koma. Sai ya juyo gare ni ya ce, “Baiwa, kin ga amfanin sa ido? Yau kaɗai ya yi rana.” Na ce Allah ya shirye shi, ina share fuska da gefen zane.

Muka taɓa gindin tsamiya, muka juyo, muka dawo miƙe. Bakin tabki ya kaure da guɗa. Hanatu ta miƙa wa Rhissa takobinsa, ta leƙa cikin jirgin daga inda take tsaye, ta ga ƙusa a jikin taɓarya. Ta ce, “Har da huda ta kuka yi?” Ta ɗauki gatarinta ta ce yamma ta yi mata, ba ta ɗora tukunya ba, alhali ko azahar ba a kira ba.

Yanzu haka ake yi kullum, har ruwa ya janye. Abarci ya sauko da hantsi yana jan ƙafa, Shofer a hammata cikin tsumma, yana goge shi yana mashi magana. Rhissa a bayansa. Hanatu a bayansu da tabarma da kwanon gyaɗar ɓara. Kafin a ɗaga zane Rhissa ya cire takobi ya miƙa mata, ta ɗora a cinya. Masu shiga jirgi kuma ni ke caje su, duk mai fartanya ko tukunyar ƙarfe, goshi. Haula da ta ji labarin ta salula, dariya ta hana ta magana sai da ta kashe ta sake kira.

Shekaranjiya iska ta yi daɗi, ruwa lumui, na ce wa Hanatu, “Haba, shekara goma sha biyu! Taho ki shiga sau ɗaya ki ga yadda taɓaryarki ke aiki.”

Ba ta ko ɗago kai daga gyaɗarta ba. Ta gyara wa takobin zama a cinya ta ce, “In na shiga, wa zai riƙe wannan?”